WASIƘAR DA TA ISKE BAYI A BABILA

Karatu: Irmiya sura 28 da sura 29, Daniyel sura 1 da sura 6.

Akwai wata tambaya da ta ke yawo cikin ekklesiyoyinmu, a bakin dattiɓai da samari da matan zumunta. Tambayar ita ce, yaya mai-bi zai zauna a garin da ba a ƙaunarsa? An hana waɗansu filin gina ɗakin sujada. An ƙone gidajen waɗansu. Waɗansu kuwa yau baƙi ne a garin da ba nasu ba, gonakinsu suna can ciyawa ta cinye. Wannan tambaya tsohuwa ce, Allah kuwa ya riga ya amsa ta cikin wata wasiƙa da annabi Irmiya ya rubuta. Bari mu buɗe ta tare.

Waɗanda aka rubuta wa

A shekara ta 597 kamin haihuwar Ubangijinmu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi. Sarki Yehoyakin, wanda a ke kira Yekoniya, wata uku kaɗai ya yi a kan gadon sarauta, ya fita ya ba da kansa. Aka kwashe shi, da uwarsa, da fadawansa, da jarumawa, da maƙera, da masassaƙa. Littafin Sarakuna na Biyu sura 24 ya ba da lissafinsu, mutum 10,000. Aka bar talakawan ƙasa kaɗai. Tafiyar ba ta kusa ba ce, gama daga baya da Ezra ya bi hanyar nan zuwa gida, wata huɗu ya yi.

Ku dubi halin mutanen nan. An raba su da Haikali, ba su da wurin miƙa hadaya. Harshen garin dabam, abincinsa dabam, ko'ina ka juya gumaka ne. Zabura 137 ta nuna mana zuciyarsu: kuka a bakin kogi, da ƙin raira waƙa, da fatan ramuwa mai-zafi. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Wanda ya taɓa gudu da dare da yaro a baya ya san irin wannan zuciya.

Ana nan sai waɗansu suka tashi da sunan annabci. A Urushalima akwai Hananiya ɗan Azzur, mutumin Gibeyon. Ya tsaya cikin Haikali a gaban jama'a, ya ce cikin shekara biyu za a komo da sarki da bayi da kayan Haikali duka. Har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya. Ya yi wannan magana a wata na biyar, a wata na bakwai ya mutu. A Babila kuma akwai Ahab ɗan Kolaya da Zadakiya ɗan Ma'aseya, su ma suna faɗa wa mutane abin da kunnensu ke so. Ƙarshensu, sarkin Babila ya gasa su da wuta.

Mutumin da ya gaskata shekara biyu ce ta rage masa, ba ya kwance ƙunshin kayansa. Ba ya haƙa rijiya, ba ya dasa itace, ba ya koyon gaisuwar maƙwabci. Haka bayin nan suka zauna, jiki a Babila, ido a hanya.

Abin da wasiƙar ta ce

Irmiya ya ba da wasiƙar a hannun Elasa ɗan Shafan da Gemariya ɗan Hilkiya, jakadun da sarki Zadakiya ya aika Babila. Da aka karanta ta, ba abin da suka sa rai ba ne. Allah ya umurce su su yi gini su shiga, su yi shuka su ci, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su yawaita kada su ragu. Ya umurce su su biɗi lafiyar birnin da ya cinye su da yaƙi, su yi masa addu'a kuma, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Ya ce zaman zai kai shekara 70.

Akwai abu huɗu a nan da ya kamata kowane mai-bi ya riƙe.

Na fari: ka san wanda ya ajiye ka a wurin

Aya ta 1 ta ce Nebukadnezzar ne ya kwashe su. Amma a aya ta 4, da ta 7, da ta 14, Ubangiji ya ce shi ne ya kai su. Dukansu biyu gaskiya ne. Nebukadnezzar ya yi mugunta don girman kansa, ya kuwa sha hukuncinsa, gama surori 50 da 51 na littafin nan duk a kan faɗuwar Babila su ke. Duk da haka hannun Allah yana bisa hannun sarki.

Ɗan'uwa, idan ka ɗauka mugun mutum ne kaɗai ya kawo ka inda ka ke, zuciyarka za ta cika da shi dare da rana, ka kwana da shi ka tashi da shi. Amma idan ka gane Ubangiji bai yi barci ba ran da aka kore ka, sai ka soma tambaya, wane aiki ya ke da shi domina a nan? Yusufu ya faɗa wa 'yan'uwansa haka a Masar: su sun nufe shi da sharri, Allah ya juya abin ya zama ceton rayuka da yawa. Ku lura, masu-bautar gumaka na Masar suna cikin waɗanda hatsin Yusufu ya ceta.

Wannan ba ya nufin gudu zunubi ne. Ubangiji Yesu da kansa ya ba almajiransa izini su ƙaura zuwa wani gari idan an tsananta musu (Matta 10:23), an kuma zurarar da Bulus cikin kwando ta ganuwar Dimashƙu. Wanda ya tsere da iyalinsa daga bakin bindiga bai yi rashin bangaskiya ba. Amma garin da ya sauka, shi ne Babilarsa, wasiƙar nan kuwa tana jiransa a can.

Na biyu: ka kwance kayanka

Babila ƙasar dabino ce, dabino kuwa ya kan ɗauki shekaru kamin ya yi 'ya'ya. Wanda ya dasa shi ya yarda ke nan zai daɗe. Shekara 70 kuma, ku yi lissafi. Mutumin da ke da shekara talatin ran da aka karanta wasiƙar, ya san a Babila za a binne shi. Mu kan so aya ta 11, inda Allah ya yi alkawarin alheri da bege a gaba, har mu kan rubuta ta a bangon ɗaki. Amma mu tuna, yawancin waɗanda suka fara jin ta ba su ga Urushalima da idonsu kuma ba. Alkawarin ya cika a kan 'ya'yansu da jikokinsu. Aikinsu shi ne su yi aminci cikin shekarun jira.

Shin, sun yi biyayya? Ƙasa ta ba da shaida. Tsakanin 1899 da 1917 Jamusawa masu-tonon kufai sun tone birnin Babila, suka sami allunan yumɓu na ma'ajin sarki. A cikinsu an rubuta sunan Yehoyakin sarkin Yahuda da 'ya'yansa biyar, da mai da a ke auna musu. An kuma sami waɗansu alluna wajen 200, da yawansu an rubuta su a wani ƙauye da Babiloniyawa suka sa wa suna Garin Yahuda. Mafi tsufa a cikinsu na shekara ta 572 ne, wato shekara 25 bayan kwasar fari. Allunan sun nuna Yahudawa suna noma, suna karɓar hayar gona, suna biyan haraji, suna ba da rance suna karɓa. Abin da ya fi daɗin ji shi ne, tsara bayan tsara suna raɗa wa 'ya'yansu sunaye masu-ɗauke da sunan Ubangiji. Sun shiga kasuwar Babila, amma ba su manta da Allahnsu ba.

Da Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a shekara ta 539, ya ba da izinin komawa, Ezra sura 2 ta lissafta mutum 42,360 da suka tashi. Waɗanda suka zauna kuma suka taimake su da azurfa da zinariya da dabbobi. Ina suka sami wannan duka? Daga gonakin da kakanninsu suka shuka da hawaye. Gaskiyar Hausawa, mahaƙurci mawadaci.

Har wa yau 'ya'yan Hananiya ba su ƙare ba. Su kan zo da mai cikin kwalba, su ce ka ba da kaza, nan da kwana bakwai wahalarka ta wuce. Waɗansu kuma su kan zo da wata irin magana, su ce a sayi makami da kuɗin baiko, a gama da su gaba ɗaya. Dukansu gajeriyar hanya su ke sayarwa. Ku gwada su da Littafi. Mai-gaskiya ya kan faɗa maka abin da ke da nauyi: sa yaronka a makaranta bana, ko da a ƙarƙashin itace ne, koyi sana'a, roƙi gona aro ka shuka, gyara aurenka, tara 'yan'uwa ku yi sujada ko a rumfa.

Na uku: ka biɗi lafiyar garin duka

Kalmar da ke cikin aya ta 7 a harshen Ibrananci ita ce shalom, sau uku ta fito a ayar nan ɗaya. Mu Hausawa ba mu da wuyar gane ta. In mun gamu da safe mu kan tambayi kwana, da gajiya, da gida, da yara, da aiki, da ruwa, amsar duka kuwa lafiya. Wannan ce shalom: ciki da abinci, jiki ba ciwo, shari'a ba toshi, mutum ya kwana ƙofarsa a buɗe. Irin wannan ce Allah ya ce a nema wa Babila.

Dalilin da ya bayar a fili ya ke. Rijiyar gari ɗaya ce. Ciwon amai da gudawa ba ya tambayar addinin mai-gida kamin ya shiga. Idan kasuwa ta ƙone, rumfar mai-bi ba ta tsira don an rubuta aya a ƙofarta. Wanda ya ke murna da masifar garinsu, kamar mutum ne a cikin kwalekwale yana dariya don ruwa ta gefen maƙwabcinsa ya ke shiga.

Ku tuna da yarinyar nan ta Littafin Sarakuna na Biyu sura 5. Mahara Suriyawa suka sato ta daga gidan iyayenta, ta zama baiwa a gidan Na'aman, shugaban mayaƙan da suka cuce ta. Da ta ga maigidan kuturu ne, tana da ikon yin shiru ta ce alhakinta ne ya kama shi. Amma ta faɗa wa uwargijiyarta inda magani ya ke. Ba a rubuta sunanta ba, amma ta bakinta babban jarumin Suriya ya san Allah na gaskiya.

Ekklesiya ta fari ta bi wannan sawu. A shekara ta 250 sarkin Roma Desiyus ya tsananta wa masu-bi ƙwarai. Ba a daɗe ba annoba ta faɗa wa birnin Kartaj, a ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu, har mutane suna gudu suna barin 'yan'uwansu a kan titi. Bishof Kifriyanus ya tara jama'arsa, ya gargaɗe su su yi jiyyar marasa-lafiya, na cikin ekklesiya da na waje, har da waɗanda suka tsananta musu jiya. Shi kansa an sare kansa a shekara ta 258. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 362, sarki Yuliyanus wanda ya so ya komar da bautar gumaka ya rubuta wa wani babban firist nasa da ɓacin rai, yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu-bautar gumaka.

A ƙasashenmu ma haka bishara ta shigo. An buɗe asibitin Vom a 1922, na Galmi a ƙasar Nijar a 1950, ba a kuwa taɓa kafa su domin masu-bi kaɗai ba. A watan Oktoba na 2014, da Boko Haram suka ci Mubi, dubban mutane suka kwararo Yola. Babbar majami'ar Katolika ta Santa Teresa ta buɗe ƙofarta, ta ciyar da Kirista da Musulmi. A 2021 Bishof Stephen Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi domin waɗanda ba su iya komawa gida ba, da makaranta, da ɗakin sujada, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Waɗansu masu-bi ba su ji daɗin masallacin ba, kowa kuwa yana iya auna wannan da lamirinsa. Amma a kan tukunyar da ba ta tambayi addinin mayunwaci ba, babu gardama ga wanda ya karanta Irmiya 29.

Kada kuma mu ɗauka alheri a gidanmu kaɗai ya ke. A ranar 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa cikin ƙasar Barikin Ladi, wani tsohon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kirista fiye da 200 cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban 'yan bindiga ya hana su shiga. Ya ku 'yan'uwa, idan ranar ta juya, ɗan maƙwabcinka Musulmi ya ƙwanƙwasa ƙofarka da gudu, me za ka yi? Ka shirya amsarka tun yau, gama ranar tashin hankali ba ranar shawara ba ce.

Wasiƙar ta haɗa da addu'a. Wannan ne ya fi wuya. Mutum yana iya share magudanar ruwa da ƙiyayya a zuci, amma ba shi iya daɗewa yana ambaton sunan wani a gaban Allah yana kuma ƙinsa. Ubangiji ya umurce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi addu'a domin masu-tsananta mana (Matta 5:44). Bulus ya ce a yi roƙo domin sarakuna da dukan masu-mulki (1 Timoti 2:1-2), sarkin Roma na lokacin kuwa Niro ne. A sujadarku ta Lahadi, kuna ambaton mai-unguwa, da dagaci, da sarki, da gwamna? Ko kuwa sai a hira kaɗai a ke jin sunansu, da zagi?

Na huɗu: ka san inda iyaka ta ke

Wani zai ce, ashe sai mu narke mu zama kamarsu, mu yi shiru a kan kowace cuta? A'a. Daniyel ne amsar wannan. An kai shi Babila yana saurayi, aka sake masa suna, ya koyi harshe da littattafan Kaldiyawa shekara uku, ya yi wa sarakunan ƙasar aiki har tsufansa. Da maƙiyansa suka binciki aikinsa, ba su sami ha'inci ko sakaci ko ɗaya ba. Wannan shi ne biɗan lafiyar gari. Amma ya ƙi abincin da zai ƙazantar da shi. Abokansa uku suka zaɓi tanderun wuta da su rusuna wa gunki. Da aka kafa dokar hana addu'a kwana 30, ya ci gaba da durƙusawa sau uku a yini, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, kamar yadda ya saba. Hannunsa ya ba sarki, gwiwarsa kuwa ta Allah ce kaɗai.

Bai kuma rufe bakinsa ba. Ya dubi Nebukadnezzar ya shawarce shi ya rabu da zunubansa, ya ji tausayin matalauta (Daniyel 4:27). Bulus ma, da aka bulale shi a Filibi ba shari'a, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37). Saboda haka kai ƙara a gaban hukuma, da neman a biya wanda aka ƙone wa gida, da faɗin gaskiya a gaban manya, duk suna cikin neman lafiyar gari, gama garin da babu adalci ba shi da lafiya. Abin da aka hana mu shi ne ramuwa. Wanda ya tare hanya ya kama matafiyi marar-laifi don abin da waɗansu suka yi, ya zub da jinin da Allah zai tambaye shi, ya kuma ja wa 'yan'uwansa na wani gari wuta.

Ku sani kuma, wannan hanya ba ta sa kowa ya yabe ka. Shemaiya Banehelame ya rubuto daga Babila yana neman a sa Irmiya a mari saboda wasiƙar nan. Na waje za su yi maka zato, na gida kuma su ce ka sayar da su. Ubangijinmu ya sha wannan kamin mu. Ya yi kuka domin Urushalima, birnin da zai kashe shi, a kan gicciye kuma ya roƙa wa masu-kashe shi gafara. Mu da kanmu maƙiyan Allah ne dā, ya biɗi lafiyarmu da jinin Ɗansa. Ƙarfin yin wannan aiki daga can ya ke fitowa, ba daga halin kirkinmu ba.

Abin yi a wannan wata

Bari kowace ekklesiya ta zauna, dattiɓai da zumuntar mata da matasa, ta amsa waɗannan:

1. Wace bukata ce ta fi damun garinmu duka, ruwa ne, ko hanya, ko makaranta, ko magani? Wane gayya za mu kira a kanta, mu gayyaci maƙwabta?

2. In muna da rijiya ko famfo a filin ekklesiya, kowa yana iya ɗiba?

3. Mai-bi da ke kasuwa, mudunsa cikakke ne? Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da na ofis, za a bincike su kamar Daniyel a rasa abin kamawa?

4. Yaushe rabonmu da zuwa ta'aziyya ko barka a gidan da ba na masu-bi ba?

5. Labarin da ya shigo wayarmu mai-tada hankali, mu kan tabbatar da shi kamin mu tura wa wani?

6. Baƙin da gudun hijira ya kawo garinmu, wa ya ba su gona aro?

Bitrus ya kira mu baƙi da matafiya a duniya, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuma ta tuna mana birninmu mai-dawwama yana gaba. Amma baƙon kirki ya kan share ɗakin da aka sauke shi, ya bar shi da kyau fiye da yadda ya same shi.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai ne ka san garin da kowane ɗayanmu ke zaune, da abin da muka sha a cikinsa. Ka warkar da masu-raunin zuciya, ka komar da korarru, ka ba masu-mulkinmu tsoronka. Ka sa wa garuruwanmu albarka da ruwan sama da zaman lafiya. Ka tsare gwiwoyinmu kada su durƙusa wa wani sai kai, ka buɗe hannuwanmu ga maƙwabtanmu duka. Cikin sunan Yesu Kristi Mai-cetonmu. Amin.